Fari Ko Rumbu? Tsokaci A Kan Littattafai Biyu Da Suka Yi Nazarin Yunwa A Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan da wuya a tashi daga taron da ya shafi noma ba a ambaci sauyin yanayi ba. In gero bai yi ba, a ce sauyin yanayi. In ruwa ya ci gonakin Ringim da Auyo, a ce sauyin yanayi. In kwanon masara ya gagari magidanci a tsakiyar damina, nan ma a ce sauyin yanayi. Ba musun abin ake yi ba, domin duk manomin da ya haura shekara sittin ya san daminar yau ba irin ta ƙuruciyarsa ba ce. Abin gudun shi ne kalmar ta zama jakar magori, kowa ya jefa laifinsa a ciki ya ɗaure bakinta, har a rasa wanda za a tambaya dalilin da ya sa ƙarancin ruwa a gona yake komawa yunwa a gida.

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Bayan farin 1972 da 1973, wasu Turawa biyu masana labarin ƙasa sun shiga ƙauyukan ƙasar nan suna neman amsarta, kowannensu kuma ya fito da littafi. Na farko shi ne Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina, ya buga Silent Violence a 1983, sunan da za a iya fassarawa da zalunci marar ƙara. Na biyu shi ne Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya dawo Jami'ar Bayero, ya buga Adapting to Drought a 1989, wato dabarun zama da fari. Wannan maƙala za ta duba abin da kowannensu ya faɗa, da inda ya yi daidai, da inda ya yi tuntuɓe, sa'an nan ta gwada su da abin da muka gani da idonmu bayan fitowarsu.

Hujjar Watts

Littafin Watts babba ne, ya haura shafi ɗari shida, amma ginshiƙinsa ɗaya ne. A ganinsa fari daga sama yake zuwa, ita kuwa yunwa a ƙasa ake ƙera ta. Ya ce kafin zuwan Turawa al'ummar Hausawa tana da matakan kariya a jere. Akwai gandu, inda uba da 'ya'yansa da ƙannensa suke noma tare su ci daga rumbu ɗaya. Akwai gayya da zumunci da ubangida, waɗanda mutum kan jingina da su in ya gaza. Akwai zakkar hatsi da ake tarawa a wajen masu sarauta, wadda ake sa ran za ta koma ga mabukata in shekara ta yi tsanani. Fari yakan zo, amma sai ya haura waɗannan katangu kafin ya kai ga kisa.

Abin da Turawa suka yi, in ji shi, ba hana ruwan sama ba ne, rushe katangun ne. Sun mai da haraji ya zama na tsabar kuɗi, ba ya la'akari da kyawun damina ko muninta, kuma ana karɓarsa da kaka, daidai lokacin da hatsi ba shi da daraja. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, manoma da yawa suka ba gyaɗa filin da a da na gero da dawa ne. A 1913 ruwa ya ƙi, a 1914 kuma aka yi yunwar nan da Kanawa suke kira Kakalaba, wadda ta kashe dubban mutane, agajin gwamnati kuwa kaɗan ne kuma bai iso da wuri ba. Daga nan ya bi sauran shekarun ɗaya bayan ɗaya: ta 1927 da ake kira 'Yar Buhu, da ta 1942 da ake kira 'Yar Gusau, lokacin da ake tara hatsi da ƙarfin hukuma domin ciyar da soja da leburorin kuza na Jos saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Sunayen sukan bambanta daga gari zuwa gari, abin da ya kamata malaman tarihi su lura da shi in suna tambayar dattawa.

Inda littafin ya fi ƙarfi, a nawa ganin, shi ne bayanin yadda talauci yake cin kansa da kansa a cikin shekara guda. Manomi ya sayar da hatsi da araha da kaka domin ya biya haraji da bashi da hidimar aure. Kafin ruwa ya zauna rumbunsa ya yi ƙasa. Sai ya karɓi falle, dami ɗaya a kan zai mayar da biyu. In lokacin noman fari ya yi, maimakon ya shiga gonarsa, sai ya tafi ƙwadago gonar mai hali domin ya samo abin da za a ɗora a murhu ranar nan, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta. Da kaka amfaninsa ya yi kaɗan, ya sake sayarwa da araha. A irin wannan hali ba a bukatar babban fari kafin gida ya faɗi, ɗan tsaikon ruwa na kwana ashirin ya isa. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a karkara ya ga wannan, ko da bai san sunan da masana suke kiransa ba. A ƙauye ɗaya, a damina ɗaya, wani yana fitar da hatsin bara, maƙwabcinsa yana dafa tafasa.

Inda Watts ya yi tuntuɓe

Matsalar farko ita ce hoton da ya zana na zamanin da. Gaskiya ne shi kansa bai ce ba a yunwa kafin Turawa ba, har ya ambaci irin su Banga-banga ta wajen 1855. To amma nauyin hujjarsa yana karkata mai karatu ya ɗauka cewa tsarin yana aiki lafiya lau har ranar da Lugga ya iso. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908 kuma yake cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, bai goyi bayan wannan kwanciyar hankali ba. Ya kawo yunwar da ta shekara goma sha ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Zaki. Ya kuma nuna cewa Sarki Alwali, wanda ya hau a 1781, ya tara gero da dawa tun farkon sarautarsa saboda tsoron yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwar ta cim masa. Idan rumbun sarki bai tsare sarki ba, sai a yi hattara wajen cewa ya tsare talaka.

Bayan haka akwai tambayar wanda ya noma hatsin da ke cikin waɗancan rumbuna. Kaso mai yawa na rarar abincin ƙarni na 19 daga gandaye da rumada ya fito, irin su Fanisau, kuma bayi ne suka noma shi. Talaka ma yana biyan kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi. Zakka farilla ce da aka sani, amma sanin hukunci daban, abin da hakimi ko dagaci ya aikata a shekarar tsanani daban. Bayanin da ake da shi a kan wannan ƙanƙane ne, kuma mafi yawansa daga bakin dattawan da aka tambaya bayan shekara saba'in ya fito, ga shi kuwa kowa ya san yadda ɗan Adam yake zaƙaƙa zamanin ubansa.

Matsala ta biyu ita ce manomin da kansa. A shafuka da yawa yakan zama kamar kara a bakin ruwa, duk inda kasuwar duniya ta kaɗa shi sai ya bi. Alhali kuwa ba Bature ne ya tilasta noman gyaɗa a Kano ba. Auduga Turawa suka so, fataken Kano da manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a littafinsa na 1978. Gyaɗar nan kuma ta ba da harawa ga dabbobi, ta gyara ƙasa, ta ba mata sana'ar mai da ƙuli-ƙuli. Wanda ya lissafa illarta kaɗai bai cika lissafi ba. Ga kuma harshen littafin, wanda ya cika da kalmomin mazhabar Markisanci har yakan gajiyar da mai karatu kafin ya kai ga naman zancen.

Hujjar Mortimore

Mortimore ta wata ƙofa ya shigo. Bai damu ƙwarai da wanda ya jawo matsalar ba, abin da ya dame shi shi ne yadda mutane suka rayu a cikinta. A 1973 ruwan da aka samu a Kano bai wuce kimanin rabin abin da aka saba ba. Ya zagaya ƙauyukan arewacin tsohuwar Jihar Kano a lokacin, sa'an nan ya riƙe ƙauyen Dagaceri na yankin Haɗeja, wanda yanzu yake Jihar Jigawa, yana komawa shekara bayan shekara fiye da shekara goma, har ya haɗa da farin 1983 da 1984. Wannan haƙuri shi ne babban darajar littafin. Yawancin masu rubuta rahoto kwana uku suke yi a ƙauye, su ga rairayi, su koma su rubuta cewa hamada ta iso.

Abin da ya gani shi ne mutane masu dabara iri-iri. Suna yin binne kafin ruwa ya sauka. Suna sauya iri, su bar mai nauyi su kama mai saurin nuna. Suna haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Suna riƙe awaki da tumaki a matsayin asusu, suna tufkar igiya da saƙar tabarma da kaba, suna komawa ga ganyaye da 'ya'yan itatuwa, maza kuma suna tafiya cin rani har Legas su aiko da kuɗi. Ya nuna cewa wannan tafiya ba alamar rushewar ƙauye ba ce, ɗaya ce daga cikin ƙafafun da ƙauyen yake tsaye a kansu.

Tun kafin wannan littafi, a 1965, shi da abokin aikinsa sun yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa har ba a barin gona ta huta. Bisa lissafin masana na lokacin ƙasar ta kamata ta mutu. Ba ta mutu ba, saboda ana ciyar da ita. Jakuna suna kai itace da hatsi birni su dawo da takin bola, ana tara kashin dabbobin da aka ɗaure a gida, ana adana kara da harawa, ba abin da ake zubarwa. Itatuwan gona kuma kowanne da mai shi: ɗorawa, kuka, tsamiya, da gawo wanda yake zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana. Binciken da shi da abokansa suka yi daga baya da hotunan sama ya nuna itatuwan gonakin Kano ba su ƙare ba kamar yadda ake ta faɗa. Abin da ya faru a Maraɗi da Damagaram daga tsakiyar shekarun 1980, inda manoma suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu har aka ƙiyasta fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya farfaɗo, ya ƙara gaskata shi. Ba da injin ko bashin ƙasashen waje aka yi wannan ba.

Iyakar dabara

Duk da haka akwai haɗari a cikin wannan yabo, kuma ba lallai laifin marubucin ba ne, laifin masu karanta shi da son rai ne. In aka ce talaka gwanin dabara ne, sai mai riƙe da baitulmali ya ji daɗi, ya ce ashe ba sai an taimake shi ba. Amma wace irin dabara ce sayar da akuyar ƙarshe? Wanda ya jinginar da gonarsa ya tafi birni ya tsira da ransa, gaskiya ne, amma bai dawo yadda yake ba. Kalma ɗaya ta dabara ta haɗa wanda ya sauya iri da wanda ya sayar da garmarsa, alhali na farko ya shirya wa baɗi, na biyu kuwa ya cinye ta. A nan ne ake bukatar Watts, domin shi ne ya fi tambayar wane ne ya sayi akuyar, kuma a nawa.

Sa'an nan tsarin kewayen Kano da ya yaba yana da sharuɗɗa, kuma da yawansu sun gushe. Polly Hill ta yi nazarin Ɗorayi a farkon shekarun 1970 a matsayin ƙauyen manoma, littafinta ya fito a 1977. Yau Ɗorayi unguwa ce a cikin birni, gonakin sun zama fuloti. Haka abin yake a mafi yawan Kumbotso da Ungogo. Bolar birni da a da taki ce zalla yanzu ta gauraye da leda. Jakuna sun yi ƙaranci. Gado yana ta yanka gonaki har wasu ba sa ciyar da gida wata uku. Saƙa da rini da jima, waɗanda suke cike giɓin rani, sun ja baya. Mafi muni kuma, dabarar da ya fi dogara da ita, wato 'yancin tafiya da dawowa, ita ce rashin tsaro ya fi yi wa illa. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato an kai ga manomi yana biyan 'yan bindiga kafin ya shuka ko ya girbe, wasu kuma sun bar gonakin gaba ɗaya. Babu irin gero mai saurin nuna da zai magance wannan.

Wani abin da ya kamata a faɗa game da littattafan biyu shi ne dukkansu 'ya'yan fari ne. An rubuta su a shekarun da ruwa yake ta raguwa, don haka suka ɗauki ƙarancinsa a matsayin babbar barazana. Daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan dawo, amma da wata ɗabi'a. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa a lokaci guda sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, mun ga ɓallewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a watan Satumba na 2024. Dabarun kakanninmu sun fi ƙwarewa a kan jiran ruwa, ba a kan ruwan wata guda da ya sauka a dare ɗaya ba. Ko da yake nan ma tarihi yana da abin faɗa, domin yunwar Muda ta 1953 zuwa 1954 yawan ruwa ne ya jawo ta, ya lalata gero da dawa a gona. Ita ce ta fi kama da abin da muke ciki, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Gwaji da abin da ya biyo baya

In aka tambaye ni wanne ne ya fi jure wa zamani, sai in ce Mortimore ya fi sanin gona, Watts ya fi sanin kasuwa, kuma shekarun baya-bayan nan sun fi ba Watts gaskiya fiye da yadda masu sukarsa suka zata. An soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979, a zamanin Abubakar Rimi da Balarabe Musa, amma sayarwa da araha da kaka bai tsaya ba, sai dai masu karɓa suka sauya: kuɗin taki, kuɗin magani, kuɗin makaranta. A 2005 an yi matsananciyar yunwa a Nijar, kuma ta fi tsanani a Maraɗi da Damagaram, wato yankunan da suka fi noma, har da waɗanda itatuwansu suka farfaɗo. Akwai hatsi a kasuwa, farashinsa ne ya fi ƙarfin mutane, ga dabbobinsu sun faɗi warwas. A Nijeriya kuma, bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ba fari irin na 1973 aka yi ba. Buhuna suna nan jibge a Dawanau, magidanta suna kallonsu. Da farashin ya sauko a 2025, sai kuka ya koma wajen manoma, waɗanda suka sayi taki da tsada suka sayar da masara da shinkafa a kan asara.

Game da amsar hukuma kuwa, marubutan biyu sun haɗu wajen shakkar manyan ayyuka, kuma a nan sai a raba gaskiya biyu. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ta raya Kadawa da Kura, ba mai musun shinkafa da tumatirin da suke fitowa daga can. Amma ita da ta Challawa ta 1992 sun sauya zuwan ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da masu shinkafa da masunta da makiyaya suke jira ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. An ciyar da wasu da ruwan wasu ke nan. Abin da ya faru a Bakolori a 1980, inda aka harbe manoman da suke neman diyyar gonakinsu, yana cikin tarihin wannan siyasa.

Babban naƙasun littattafan biyu a wajenmu shi ne har yau ba a cikin harshen mutanen da aka rubuta a kansu suke ba. An sake buga na Watts a Amurka a 2013, Mortimore kuma ya rasu a 2017, amma jikokin mutanen Kaita da Dagaceri ba su da hanyar karanta abin da kakanninsu suka faɗa wa baƙin nan. Waɗanda suka ga Kakalaba duk sun ƙare. Waɗanda suka yi wayo a lokacin Muda sun haura shekara tamanin yanzu, kuma su kaɗai ne za su iya faɗin irin geron da ya tsira a shekarar, da gidan da ya buɗe rumbunsa, da nawa aka sayar da mudu a kasuwar garinsu.